Daga Kwaltar Kaduna Zuwa Dusar Ƙanƙara: Jagora Ga Mai Nakasa Da Ke Son Shiga Tseren Siki Na Dogon Zango

Duk wanda ya saba bin titin Ahmadu Bello ko wajajen Kawo ya san samarin nan da shan inna ya taɓa, waɗanda ke zama a kan katako mai boris, sun zura silifa a hannuwa biyu, suna tunkuɗa ƙasa suna ratsawa tsakanin motoci da saurin da mai ƙafa ba ya iya cim musu. Idan ka tsaya ka lura da kyau, za ka ga hannuwan biyu tare suke sauka, ciki ya lanƙwashe, kafaɗa ta danna, sannan jiki ya miƙe domin bugu na gaba. Wannan motsi, kusan ba ragi ba ƙari, shi ne abin da masu tseren siki a zaune suke shafe shekaru suna gogewa a Norwe da Kanada. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan jagora ke nan, domin mafi yawan aikin da wannan wasa yake bukata aikin hannu ne da huhu da takardu, kuma ana iya fara su duka a nan Kaduna tun kafin mutum ya taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa. Sai dai akwai tsari, kuma wanda ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe zai yi asarar kuɗi da lokaci.

Wasan kansa tsere ne a kan dogayen sillaye biyu marasa faɗi da ake kira siki, ana tunkuɗawa da sanduna, a kan hanyar da aka shirya cikin dusar ƙanƙara wadda ta haɗa hawa da gangara da miƙaƙƙen fili. Ya bambanta da sikin gangaren dutse, inda ake kai mutum sama ya sulalo ƙasa. A nan kowace mita da ƙarfinka za ka ci ta. Yana cikin wasannin da aka buɗe gasar Paralimfik ta hunturu, wato Olimfik ta masu nakasa, da su a garin Örnsköldsvik na Suwidin a 1976, kuma a wannan gasar ta farko akwai ɗan Afirka, Tofiri Kibuuka, makaho daga Yuganda, wanda ya sake dawowa a 1980. Ragnhild Myklebust ta Norwe, wadda ta tara lambobin yabo 27 a gasar hunturu, 22 daga ciki na zinare, shan inna ne ya kama ta tun tana ƙarama. Tun daga Yulin 2022 hukumar siki ta duniya, FIS, ita ce ke riƙe da ragamar wasan, bayan ta karɓe shi daga kwamitin Paralimfik na duniya.

Mataki na farko: ka san ajinka kafin ka sayi ko da safar hannu

Ba kowace nakasa ce dokar wasan ta amince da ita ba. Wadda ake karɓa ita ce ta dindindin, kamar raunin tsoka irin na shan inna ko na lalacewar laka, rashin wata gaɓa ko wani sashe nata, bambancin tsawon ƙafafu, sanƙarewar gaɓoɓi, matsalar sarrafa jiki da ke biyo bayan larurar ƙwaƙwalwa, da kuma larurar gani. Kurame suna da tasu gasar daban. Kowace larura kuma tana da iyakar da dole ta kai kafin a ce mutum ya cancanta.

An kasa masu tsere kashi uku. Masu yi a tsaye suna tsakanin LW2 da LW9: LW2 zuwa LW4 na masu larurar ƙafa ne, LW5/7 na wanda larurar ta shafi hannuwansa biyu har ba ya riƙe sanda ko ɗaya, LW6 da LW8 na mai riƙe sanda guda, LW9 kuma na wanda abin ya haɗa hannu da ƙafa. Masu yi a zaune suna daga LW10 zuwa LW12, kuma abin da ake dubawa a wurinsu shi ne yadda mutum yake iya sarrafa cikinsa da bayansa: ɗan LW10 ba ya iya zama ba tare da jingina ba, ɗan LW12 kuwa gangar jikinsa lafiya lau take, ƙafafun ne kawai ke da matsala. Masu larurar gani an daɗe ana kiran azuzuwansu B1 zuwa B3, yanzu kuma an mayar da su NS1 zuwa NS3.

Tun da a rukuni ɗaya ake haɗa mai larura mai tsanani da mai sauƙi, sai aka ba kowane aji wani kaso cikin ɗari da ake ninka lokacinsa da shi. A ɗauka kason ajinka 86 ne, ka kammala tsere cikin minti 30; lokacin da za a rubuta maka shi ne minti 25 da daƙiƙa 48, don haka ka doke wanda kasonsa 100 ne ko da ya gama cikin minti 26. Ana sake duba waɗannan alƙaluma lokaci zuwa lokaci, saboda haka sai ka nemi na kakar da za ka shiga.

Ƙwararrun da FIS ta amince da su ne kaɗai ke tabbatar wa mutum aji, galibi a wurin wata gasa ta duniya, amma ba za su dube ka ba sai da takardar bayanin larura wadda likita ya cike da Turanci ya sa hannu, tare da hujjojinta. Wannan shi ne aikin da za ka fara da shi a gida. Mai larurar gani ya nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando, ya nemi a auna masa ƙarfin gani da faɗin abin da idon ke iya ɗauka, a ba shi sakamakon a rubuce. Mai larurar gaɓoɓi ya ga likitan ƙashi ko na jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka roƙi likitan ya auna ƙarfin kowace tsoka ya rubuta, ya kuma duba zuciyarka da hawan jini, domin wannan wasa yana cikin waɗanda suka fi gwada zuciya. Ka ajiye kwafin komai a waya da kuma a takarda. Amfanin fara wannan da wuri shi ne za ka san ko a tsaye za ka yi ko a zaune, kuma kayan biyun ba su da alaƙa.

Mataki na biyu: gina jiki da abin da ke hannu

Watanni ukun farko ba sa bukatar kayan waje. Ka je wurin mai faci ka sayi tsohon tif na mota, a yanka maka shi dogaye, ka ɗaura biyu a reshen bishiya ko a ƙarfen taga sama da kanka. Ka zauna ko ka tsaya yadda ajinka yake, ka kama robar da gwiwar hannu a lanƙwashe, ka fizgo ta ƙasa ta hanyar sauke nauyin gangar jikinka a kai, har hannuwan su wuce kwankwaso, sannan ka saki ka miƙe. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne miƙe hannu sambal yana ja da dantse kaɗai, wanda hakan ke gajiyar da mutum cikin minti biyu. Ƙarfin daga ciki da baya yake fitowa, hannu isar da shi kawai yake yi. Idan ka samu gidan motsa jiki mai injin SkiErg, to ka dace, domin don wannan motsin aka ƙera shi kuma ana iya jan sa daga kan keken guragu.

Mafi yawan atisayenka, wajen kashi huɗu cikin biyar, ya zama mai tsawo a hankali, da saurin da za ka iya yin magana da abokin tafiyarka ba tare da numfashi ya tsinke ba. Keken guragu na hannu ya isa wannan aiki, haka ninƙaya, haka gudu ga wanda ke iyawa. Ka fara da minti 30 sau huɗu a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai awa ɗaya da rabi, kuma duk mako na huɗu ka rage domin jiki ya huta. Sai bayan wata biyu za ka shigo da atisaye mai zafi, sau ɗaya ko biyu a mako: minti huɗu da ƙarfi, minti uku hutu, a maimaita sau huɗu. Na san samarinmu ba sa son jin wannan magana, domin a ganinsu atisayen da bai kai mutum ƙasa ba wasa ne, amma wanda ya ƙona kansa kullum ba ya kai wata na uku.

Kafaɗa tana bukatar kulawa ta musamman, domin mai tafiya da hannu ba shi da wata ƙafar da ta wuce ta, kuma in ta lalace ba wasa kaɗai ya rasa ba, har zuwa masallaci da kasuwa sai sun gagare shi. Tunkuɗa keke da jan sanda duk tsokar gaba suke ƙarfafawa, don haka a kowane zama ka ware minti goma na jan roba zuwa ƙirji kana matse allon kafaɗa ta baya, da juya dantse waje da roba mara tauri. Ciwon da ke soka a cikin gaɓar kafaɗa alama ce ta a dakata a ga likitan gashin ƙashi.

Lokaci mafi dacewa a Kaduna shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, musamman a watannin Maris da Afrilu. Wanda lakarsa ta samu rauni daga sama jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata, don haka ya riƙa tafiya da ruwan fesawa da jiƙaƙƙen tawul. A lokacin hunturu, ranar da hazo ya yi kauri a koma cikin ɗaki, a watan azumi kuma a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki.

Mataki na uku: siki mai taya da kujerar Panteka

Masu wannan wasa, har na ƙasashen sanyi, a kan kwalta suke yin bazararsu, da gajerun siki masu taya gaba da baya. Barazil ta nuna abin da za a iya yi da su. Cristian Ribera, wanda a kan taya ya koyi wasan a ƙasar da ba ta da filin siki na dusar ƙanƙara, ya zo na shida a tseren kilomita 15 na zaune a gasar Paralimfik ta PyeongChang a Koriya ta Kudu a 2018 yana ɗan shekara 15, ita kuma Aline Rocha, wadda ta fito daga tseren keken guragu, ta ci zinare a gajeren tsere a gasar duniya ta 2023 a Östersund.

Abubuwa uku dole a yi odarsu daga waje ko a samu wanda zai taho da su: sikin mai taya, maƙalar da ke riƙe takalmi ko kujera, da sanduna masu tsinin ƙarfe mai tauri da aka yi don kwalta. Tsinin yana dakushewa, kuma in ya dakushe sanda takan zame ta kayar da mutum, saboda haka ka haɗa da magagarin da ake wasa shi. Ga mai yi a tsaye, doka ta ce a salon gargajiya, wanda siki ke tafiya a jere cikin layi biyu, sanda ba ta wuce kashi 83 cikin ɗari na tsawon mutum, a salon sake kuwa, wanda ake buɗe ƙafa ana turawa gefe da gefe, ba ta wuce tsawonsa. Mai zama yana auna tasa ne a kan kujerar, kuma gara ya sayi doguwa ta alminiyam yana ragewa kaɗan-kaɗan har ya samu daidai da shi.

Kujerar kuwa masu walda na kasuwar Panteka da ke Kaduna za su iya ƙera ta, muddin aka ba su awo daidai. Firam ne mara nauyi mai ƙafa biyu da ke hawa kan sikin, da mazauni, da wurin ajiye ƙafa. Tsayin mazaunin daga saman siki kada ya wuce santimita 40, domin wannan ita ce iyakar da dokar gasa ta sa, kuma babu amfanin sabawa da abin da za a hana ka hawa. Yanayin zaman ya danganta da ajinka: wanda cikinsa ba shi da ƙarfi yana zama gwiwa sama da kwankwaso, da majingina mai tsayi da ɗamara a ƙirji, domin cinyoyi su tare shi idan ya duƙa, mai ƙarfin ciki kuwa yana sauke gwiwa ƙasa da kwankwaso, kusan kamar mai durƙuso, domin ya samu damar jefa dukkan nauyinsa a kan sanduna.

Na taɓa tsayawa a kan aikin irin wannan kujera, kuma kuskuren da na yi ya isa darasi. Na bar mai walda ya yi mazaunin da faɗi, ina ganin sakewa ce. Ya ce mini, “Malam, in ka bar wannan sararin, yaron zai riƙa yawo a ciki,” ban saurare shi ba. Ranar gwaji, duk bugun da yaron ya yi sai kwankwasonsa ya zame gefe, rabin ƙarfin ya tafi a banza, kafin mako ya zagayo fatar wurin ta saɓule. Sai da muka koma aka matse firam ɗin, aka cika gefe da soso mai tauri, aka ƙara ɗamara a cinya. Kujera ta kama jiki kamar yadda takalmi ke kama ƙafa. Wanda ba ya jin taɓi a ƙasan jikinsa ya riƙa duba fatarsa da madubi bayan kowane atisaye, kuma duk jan da bai baje ba bayan rabin awa, to a ajiye kujerar har sai ya warke, domin gyambon zama yana iya cinye kaka guda.

Yawancin siki mai taya ba shi da birki. Saboda haka kada ka hau titin da motoci da keke napep ke bi, kuma kada ka gwada gangaren da ba ka bi shi da ido ka ga ƙarshensa ba. Ka nemi shimfiɗaɗɗiyar kwalta a rufaffen wuri, kamar harabar makaranta a ranar hutu, ko ka nemi izinin masu kula da filin wasa na Ahmadu Bello ko Dandalin Murtala su nuna maka inda ya dace. A share tsakuwa kafin a fara, domin ƙaramin dutse ɗaya yana tsayar da taya cak. Hular kwano da safar hannu wajibi ne, kuma a samu mai keke yana bin ka a baya.

Mataki na huɗu: ɗan jagora

Bahaushe ya san ɗan jagora tun ba yau ba, sai dai a wannan wasa ba sanda yake riƙewa ba. Yana tafiya gaba ne a kan nasa sikin, yana faɗin hanya da murya, galibi ta ƙaramar lasifika da ya ɗaura a ƙugu, kuma an hana shi ja ko tura ɗan wasan. Riƙo yana halatta ne kawai a wasu gangare da aka keɓe. Ɗan NS1, ajin da larurar gani ta fi tsanani, dole ya yi tsere da ɗan jagora, da tabarau mai rufe ido ruf. Idan aka ci lamba, su biyun ake rataya wa. Brian McKeever na Kanada, mai zinare 16 a Paralimfik, da yayansa Robin ya fara a matsayin jagora.

Ka zaɓi wanda ya fi ka gudu, domin zai riƙa tsere yana magana yana waiwaye, kuma wanda zai jure shekaru tare da kai, ya samu fasfo, ya yi atisaye kamar kai. Ku tsayar da gajerun kalmomi da ba sa canzawa, kamar dama, hagu, hawa, gangara, duƙa, tsaya, da wani sauti da zai riƙa maimaitawa a miƙaƙƙiyar hanya domin ka bi muryar. Ku fara da tafiyar ƙafa, sannan gudu, kafin ku hau taya.

Mataki na biyar: hukuma, lasisi da magani

Ba wanda ke shiga gasar duniya da sunan kansa. Lasisin FIS ta hannun ƙungiyar siki ta ƙasa yake fitowa, zuwa Paralimfik kuma sai da Kwamitin Paralimfik na Najeriya. Ƙofar a buɗe take, domin Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a wannan tsere na masu lafiyar jiki a Olimfik ta Beijing a 2022. Ka fara da sashen wasannin nakasassu na jiha da hukumar kula da masu nakasa, ka tafi da takardun likita, da littafin da kake rubuta atisayenka kullum, da bidiyon kanka a kan taya. Jami'in da ya ga aikin wata shida a rubuce ya fi saurarar ka a kan wanda ya zo da buri kawai.

Daga ranar da ka karɓi lasisi, duk abin da aka samu a jininka ko fitsarinka kai ke da alhakinsa. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, tana sabunta jerin haramtattun magunguna a farkon kowace shekara, kuma tun 1 ga Janairun 2024 tiramadol ya shiga cikin waɗanda aka hana a lokacin gasa, abin da ya kamata kowane ɗan wasa a Arewa ya sani, ganin yadda ake shan sa don ciwon jiki. Ka guji haɗe-haɗen ƙarin kuzari da ba a san abin da ke ciki ba. Idan akwai maganin da larurarka ta tilasta maka sha, akwai takardar izini ta musamman da ake nema tun kafin gasa.

Mataki na shida: haɗuwa da dusar ƙanƙara

Kada tafiyarka ta farko ta zama ta gasa. Ka nemi sansanin koyo na mako biyu ko uku. Akwai rufaffun hanyoyin siki masu sanyi da ke aiki har da bazara a Vuokatti ta Finlan, da Torsby ta Suwidin, da Oberhof ta Jamus, akwai kuma makon Ridderrennet da ake yi duk shekara a Beitostølen ta Norwe tun 1964, wanda makaho Erling Stordahl ya kafa domin masu nakasa, kuma sababbin shiga suna samun wuri a cikinsa. Takardar gayyata daga irin waɗannan wurare ita ke sauƙaƙa neman biza da neman tallafi. Gasar hunturu ta 2030 a tsaunukan Faransa za a yi ta, kuma wanda ya fara yanzu da ita ya kamata ya yi lissafi.

Abin da kwalta ba ta koya maka ba shi ne kwana da gangara. Taya tana kama ƙasa, siki kuwa yana zamewa gefe, saboda haka kwanakin farko ka ba su ga koyon karkata jiki, da rage gudu, da yadda ake tashi bayan faɗuwa ba tare da taimako ba. Shafa wa siki kaki ilimi ne mai zaman kansa, akwai na sulɓi akwai na kama ƙasa, kowanne da yanayin sanyin da ya dace da shi, kuma tun kakar 2023 zuwa 2024 an haramta mai sinadarin fuloro. Ka roƙi wata tawaga ta riƙa gyara maka naka har ka koya. Tufafi kuwa hawa uku ake sawa, na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska, kuma a guji auduga domin in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Doka ta ba da damar yin tsere har sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, wanda sanyin Janairun Kaduna ko kusa da shi bai kai ba. Ƙafar da shan inna ya taɓa jini ba ya zagaya ta sosai, wadda kuma ba ta jin taɓi ba za ta sanar da kai tana daskarewa ba, don haka ka naɗe ta cikin jakar ɗumi kafin a ɗaure ka a kujera, kuma da zarar ka shiga ɗaki ka cire safa ka duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi fari ya taurare a ɗumama shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba a murza shi, ba a kuma kai shi kusa da wuta, sannan a kira likitan sansanin.